Taken Babana a Hannun Kawu

Ranar kasuwar Dungas ce, hantsi bai gama ɗagawa ba, ina kan keken ɗinki ina fama da wuyan wata riga, sai ga wani maƙwabcinmu na ƙauye a kan jaki. Ko sallamar kirki bai yi ba ya ce, "Kawunka ya cika da asuba. An ce ka taho da alawayyo, kai za ka ɗinka." Na yi salati, na rufe keke, na yanki yadi na bi shi. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, a hanya ban zubar da hawaye ko ɗaya ba. Abin da ya yi ta yi mini yawo a rai shi ne yadda Inna za ta karɓi wannan mutuwa.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Makaɗin noma ne, ya gaji ganga daga ubansa. Inna kuwa zabiya ce, ta gaji waƙa daga uwarsu. A da, tun daga ƙauyenmu har bakin iyaka ba a kiran gayya a ce ta cika sai su biyun sun je.

Na tarar da ƙofar gida cike. Na samu gindin kurna na shimfiɗa yadi ina ɗinkin likkafani da hannu, kunnena yana wajen masu zaman makoki. Wani tsoho da ya riƙe sarautar noma a zamaninsa ya ce, "Shi ke nan. Daga yau sai dai a yi noma baki alaikum. Mutumin da in ya ɗora gula a kan fata, gurgu ma sai ya tambayi ina hauyarsa."

Wani malami ya gyara zama ya ce, "Allah dai ya yafe masa kiɗan, ya dubi sallarsa."

Tsohon ya harare shi. "Malam, geron da ka ci shekara talatin, da kiɗan nan aka nome shi."

Aka fara dariya, aka tuna inda ake, aka haɗiye. Can gefe wasu baƙi biyu suna magana ƙasa-ƙasa, ɗayan ya nuno ni da haɓa ya ce, "Ɗan wancan ne, wanda aka kama a gayya." Da suka ga na ɗago sai suka koma jan carbi. Daga cikin gida ana jin matar Kawu tana kuka har muryarta ta dushe. Da na shiga miƙa likkafani na ga Inna zaune a gindin zana, idonta a bushe, tana tsinkar bakin tabarma.

Da aka gama sutura aka ajiye makara, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, ɗan Adam ajizi ne. Wanda ya san bawan Allah nan ya taɓa saɓa masa, ya yafe masa tun bai shiga ƙasa ba." Aka amsa gaba ɗaya, mun yafe. Ni ma bakina ya motsa. Sai liman ya aiki ladan cikin gida ya tambayo mata, kamar yadda ake yi a garinmu. Ladan ya daɗe. Da ya fito ya raɗa wa liman magana, amma raɗar ladan ko kurma ya ji ta: duk sun yafe ban da ƙanwarsa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Liman ya sake tura shi, ya sake dawowa hannu rabbana. Rana tana yi, gawa ba ta jira, aka yi salla aka ɗauka. Ni na shiga kabari na karɓe shi, na ji bai fi damin kara nauyi ba.

Na san mutanenmu. Nan da ƴan shekaru, in an ambaci Kawu ba abin da za a tuna sai rana ɗaya da shirun ƙanwarsa. Ni kaina shekara goma sha biyar na yi ban ga komai a jikinsa ba sai wannan rana. Don haka bari in fara da mutumin da na sani kafin nan.

Dogo ne siriri, mai yawan tsokana, kuma yatsunsa ba sa zama. In yana cin tuwo yana kaɗa bakin akushi, in yana sauraron shari'a a ƙofar mai gari yana kaɗa gwiwarsa. Yakan tsaya a bayan zana ya saurari daka ya ce, "Matar wane ce, kuma yau an ɓata mata rai." In aka bincika sai a tarar haka ne. Da damina a cikin rigarsa yake sa ganga don kada raɓa ta kashe mata murya, shi kuwa ruwa ya dake shi bai damu ba. Matarsa ta sha cewa da ita ce gangar, da ta ji daɗin aure. Maganarsa ta kullum ita ce, "Kunne ne makaɗi, hannu bara ne."

Tun da na yi wayo na tarar da gardama ɗaya tsakaninsa da Inna: tsakanin kiɗa da waƙa wanne ya fi wuyar ƙwarewa. Ba su taɓa gajiya da ita ba. A hanyar gona su yi, a gidan biki su yi, ranar salla ma in ya zo gaisuwa kafin ya sha ruwa an fara.

"Auta," haka yake kiranta, "ke da muryarki aka haife ki. Ni da wace ganga aka haife ni? Damina bakwai ina dukan cinyata da gindin turmi kafin Baba ya bar ni in taɓa fata. Take ɗari da wani abu ke cikin hannun nan, kowane gida da nasa, in na ba wani na wani sai an fasa mini kai."

"Yaya, rufa mana asiri. Kiɗa ai ko akuya ta taka ƙwarya ta yi. Kai in ka yi kuskure ka ce gula ta zame. Ni fa? Kakannin gari huɗu ke kaina, na san wanda ake kira, na san wanda ba a kira. Akwai gidan da in na haura kaka na uku na tono bauta, akwai gidan da in na ambaci uwar uba na tono sata. Abin da ba a faɗa a waƙa ya fi abin da ake faɗa yawa, kuma duk ina tafe ina numfashi ina murmushi."

In abin ya yi zafi sai su kai ƙara wajen Babana. Shi manomi ne na gaban sahu, ba mai yawan magana ba. Yakan bar su su gama, sannan ya ce, "Ku biyun duk a tsaye kuke gardamarku. Ku zo ku sunkuya ku riƙe hauya, sai mu san mai wuya." Su haɗu su yi masa ca, a tashi ana dariya.

Sau ɗaya aka gwada. A wani biki mutane suka zuga su suka yi musanya, ya ba ta ganga, ita ta ba shi fili. Kawu ya buɗe baki, karnukan unguwa suka amsa masa. Ya kuma kira ango da sunan kakan amarya. Inna ta rataya ganga ta fara duka, ƴan rawa suka yi taku biyu suka tsaya suna kallon ƙafafunsu. Kowannensu ya koma gida yana cewa ai ga shi nan, an ga nasa ne mai wuya. Wata guda garin yana ba da labarin.

Sai zamani ya juya. Lokacin yaƙin Turawa ne, aikin dolen Faransa ya yi tsanani, aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi. Sau biyu aka ɗebi Babana aikin hanya. Na biyun ya dawo da tari da tabon bulala a gadon baya. Da aka sake kiran sunansa karo na uku, sai ya yi abin da mutane da yawa suka yi, ya tsallaka iyaka wajen danginmu ta gefen Ɓaɓura. Kowa ya san hukuncin wanda ya gudu aka kama shi.

Ina da shekara goma sha tara, ni kaɗai ne namiji a gida. Na yi shuka, na yi noman fari da ƙyar, kafin maimai ciyawa ta fi ƙarfina. Gari ya ce a yi mana gayya. Ban san wanda ya kai wa Baba labari ba. Da sassafen ranar sai ga shi ya shigo ta bayan gida, ƙafa duk raɓa. Inna ta dafe ƙirji ta ce ya koma tun ba a gan shi ba. Ya ce, "Ba za a nome mini gona ina raye ina zaune gidan mutane ina cin tuwonsu ba. In yi yinin nan, da magariba in koma."

Aka kira Kawu aka yi shawara a tsakar gida, ina tsaye. Baba zai shiga tsakiyar sahu da tsohuwar rigar wani, ya ja malfa ya rufe fuska. Ba za a kira sunansa ba, ba za a kaɗa takensa ba. Mutanen gari duk sun gane shi, ba wanda ya ce uffan. Mai gari da kansa ya zo bakin gona, ya dube shi, ya mai da fuskarsa gabas.

Ga yadda ake yi a gayya. Manoma suna jere a sahu suna sunkuye, zabiya da makaɗi suna gabansu suna tafiya da baya. Su faro daga wannan gefe zuwa wancan. In sun zo gaban mutum ta kira shi da iyayensa, ganga ta faɗi taken gidansu, shi kuma ya miƙe ya ɗaga hauya ya yi ihu, sannan ya koma ƙasa da sabon ƙarfi. Haka muka tarar ana yi.

Da hantsi ya yi sai ga gardi, dogarin Turawa, a kan doki. Ba neman kowa ya zo ba, an aiko shi duba rumbunan tsimi ne ya ji kiɗa ya ratso. Ɗan ƙasarmu ne, daga wani gari kusa, ya sha noma a gayya kafin ya sa jar hula. Ya sauka a gindin tsamiya, mata suka kai masa fura. Dattawa suka yi wa Kawu ido kada ya tsaya, don in kiɗa ya mutu rana tsaka dole baƙo ya tambayi dalili.

Ina dama da Baba, kaina a ƙasa, ina jin suna matsowa. Suka yi wanda ke hagunsa. Saura a tsallake Baba a zo kaina. Sai na ji ganga ta faɗi abin da duk mai kunne a ƙasarmu ya sani: *Mai karya gamba, jikan mai rumbu tara.* Sau ɗaya tak. Bai ma kai ƙarshe ba ya danne fatar da tafin hannu. Amma Babana shekara talatin yana amsa wannan kira. Kafin in kamo rigarsa ya miƙe, hauya a sama, ya yi ihu, "Ga ni!" Malfa ta faɗi baya.

Gardi ya ajiye ƙwaryar fura, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya taso ya ce, "Wallahi da ban ji ba, da ban gani ba. Amma mutum hamsin sun ga na ji, kuma ban san wanda zai kai ni gaba a cikinsu ba." Ya kwance igiya daga sirdi. Baba bai gudu ba. Ya miƙo mini hauyarsa ya ce in ƙarasa kunyar da ya faro.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi Kawu a gaban jama'a, da muryar nan tata da ake ji daga gona uku, ta ce, "Yaya, na gan shi, na haɗiye sunansa. Kai fa?" Daga ranar ba wanda ya sake jin gardamar kiɗa da waƙa a gidanmu.

Kwana uku bayan haka Kawu ya rataya gangarsa ya bi su. A wajen aikin hanya ana son makaɗa, don mutane su jure ɗaukar dutse. Ya je ya miƙa kansa ba wanda ya kira shi. A gari aka ce ya sai da kai, ya ba da suruki ya samu gindin zama wajen masu mulki. Ni ma na faɗa, har na fi kowa faɗa. Bayan wata biyar ya dawo, ya rame kamar a hure shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, wa a gaban ƙanwa, ya ce ciwon ciki ya kama Baba, ya yi jinyarsa kwana tara, shi ya yi masa wanka, shi ya binne shi a gefen hanyar Damagaram ya rufe kabarin da ƙaya. Ya ce, "Ya ce in gaya muku shi ya amsa, ba wanda ya ɗaga masa hannu." Inna ta ce, "Na ji." Ni kuwa a raina na ce ƙirƙira ya yi don ya wanke kansa. Sai daga baya wani da suka yi aikin tare ya gaya mini Kawu rabin abincinsa yake ba Baba, kuma sau da yawa yakan ajiye ganga ya ɗaukar masa kwandon dutse a sha bulala tare. Na ji, na ture gefe, don ba abin da nake son ji ba ne.

Inna ta bar waƙa. Ko a wajen daka ba a sake jin ta ba. Kawu bai bar kiɗa ba, da shi yake ci da iyali, ya riƙa bin wasu zabiyoyi. Amma yatsun nan da ba sa zama suka zauna. In yana cikin mutane sai ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya ya danne, in yana tafiya ya haɗa su a baya. Tsokana ta ƙare. Kowace damina sai ya nome gonar Inna kafin ya taɓa tasa, shi da bai saba da hauya ba, tafinsa duk kanta. Ita kuma ta dama fura ta ba wani ya kai masa. In sun haɗu, "Ina kwana, Yaya." "Lafiya lau, Auta." Iyakar maganar ke nan. Bayan ƴan shekaru aka yi shela an hana aikin dole, gari ya yi murna, aka nemi Kawu ya yi kiɗa ya ce ba shi da lafiya.

Yanzu sai in faɗi nawa. Da na yi aure aka haifa mini ɗa namiji, na sa masa sunan Babana. Ranar suna Kawu ya zo da ganga a cikin riga, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wata alfarma nake nema. Taken nan na gidanku ne, ba nawa ba ne, ajiya ce a hannuna. Kai ke da shi yanzu, bayanka yaron nan. Ka bari in kaɗa masa sau ɗaya, makaɗa masu tasowa su ji su riƙe. In na mutu da shi ya mutu ke nan."

Ni mutum ne mai zuciya, kowa ya sani, allura ma in ta ƙi shiga sai na zage ta. Amma abin da na yi ranar ya wuce zuciya. Na ɗaga murya yadda duk masu cin goro za su ji. Na ce, "Sau ɗaya? Ai sau ɗayan ka yi wancan karon. Inna mace ce, mijinta ne, ta riƙe bakinta. Kai ka kasa riƙe hannunka. Ba kai ke cewa kunne ne makaɗi hannu bara ba? Ranar nan ina kunnen ya tafi?"

Ya dube ni ya ce, "Haka ne, ɗana."

Na so ya musa. Na so ya zage ni in samu abin kamawa. Ya mai da ganga cikin riga, ya kai ta gida, ya dawo ya tsuguna ya taya mahauci feɗe ragon suna, ya wanke kayan ciki, ya tafi bai ci ko tsoka ɗaya ba. Inna tana daga bakin zana tana jin komai, ba ta sa baki ba. Bayan wannan na kasa zaman garin, na koma Dungas na koyi ɗinki. Taken gidanmu kuwa ya tafi da Kawu kamar yadda ya faɗa. Ɗana yanzu ya fara riƙe hauya, in ya shiga gayya na kowa da kowa ake kaɗa masa.

Ganina da shi na ƙarshe da bazarar bana ne. Aka ce yana kwance. Matata ta matsa mini, na ɗinka masa riga na kai, ba don zuciyata ta so ba. Na same shi a kan tabarma, hannuwansa suna rawa, ya kasa ɓoye su. Muka gaisa, magana ta ƙare. Don kada shiru ya kashe mu na ce, "Kawu, har yau ba a raba gardamar nan ba. Kiɗa ko waƙa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa har na manta yadda take. Ya ce, "Waƙa ce. Ka gaya wa uwarka ta ci."

"Bayan damina bakwai ta dukan turmi?"

"Makaɗi yana da wajen ɓuya, ga fata ga itace tsakaninsa da mutane. Mai waƙa ba ta da komai sai maƙogwaronta, kuma dole ta dubi mutum cikin ido ta kira shi. Ni ban taɓa ɗaukar wannan ba. Ka gaya mata haka, kada ka rage."

Na ɗauka amsa laifi ya yi, har na ji wani daɗi marar kyau. Na je na gaya wa Inna ban rage ba. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta shige ɗaki ta ja asabari.

Ranar sadakar bakwai, da la'asar, bayan an raba waina jama'a sun watse, na je in yi wa Inna faɗa. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin Kawu ita kaɗai. Na ce, "Inna, kin sa mu a bakin duniya. Har kasuwar Waca ana zancen. Mutum ya mutu, me ya rage? Ko ni na ce na yafe."

Ta ce, "Kai ka yafe me? Kai da kanka ke ƙasa ranar gayyar, me ka gani? Zauna."

Na zauna.

"Tun muna yara, in murya ta sarƙe mini a tsakiyar waƙa, sai in sauke hannun hagu in buɗe tafi, haka." Ta nuna mini, hannun a gefen cinya, tafin yana kallon baya. "Ma'anarsa, Yaya ɗauke ni. Shi kuma ba ya tunani, ba a so ya yi tunani. Babanmu da tsumagiya ya koya masa: in ta buɗe hannu ka cike da taken wanda ke gabanku, kada jama'a su ji rami a waƙa. Ba wanda ya san wannan sai mu. Shi ya sa ake cewa ban taɓa yankewa ba. Na sha yankewa, shi ke rufe ni."

Ta ci gaba.

"Ranar nan na zo gaban ubanka. Wata takwas ban gan shi cikin hasken rana ba. Na ga yadda wuyansa ya rame a ƙarƙashin malfa. Na buɗe baki in tsallake shi in kira ka, murya ta ƙi fita. Sunansa na haɗiye, wannan gaskiya ne. Amma hannun nan ya buɗe."

Na ce, "Kawu ya gani?"

"Don wa ake buɗewa?"

"Kuma bai taɓa faɗa ba?"

"Ko ga matarsa. Na tsaya gaban mutum hamsin na ɗora masa, ya ɗauka. Tsoro ne ya sa na yi, na ga in ban riga kowa magana ba ni za a duba. Na ce gobe zan faɗa. Da ya tafi wajen hanya na ce in ya dawo. Da ya dawo da mutuwar ubanka na ga in na faɗa kai ma na rasa ka. Ranar sunan ɗanka ina bayan zana, kana yanka shi da maganata, na buɗe baki, ta sake ƙi. Da ma yana jira in faɗa da na ji sauƙi. Ba ya jira. Ya nome mini gona ya tafi."

Sai a lokacin hawaye suka zo mata, ba ta share ba.

"Ladan ya shigo sau biyu, wai in yafe masa. In yafe masa me? In na ce na yafe, na sake ɗora masa a gaban Allah ke nan, yana kwance a makara. Na yi ta jira a ce ko akwai mai neman gafarar mamaci. Ba wanda ya tambaya. Kai da ka yi karatu, gaya mini, wa ake aika wa wanda ya riga ya shiga ƙasa?"

Da akwai ɗan aiken, ni ma ina da saƙon da zan ba shi.

Ita ta ce in rubuta wannan, a karanta a ƙofar masallacin garinmu ranar Juma'a, a kuma karanta wa duk wanda ya taɓa jin labarin gayyar nan. Ta ce kada in gyara mata komai, ban gyara ba, nawa ma ban gyara ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da surukin da ya wanke da hannunsa. Ku da kuka tsaya a gaban makararsa kuka ce kun yafe, mun gode, Allah ya ba da lada. Mu biyu kuwa, ni da Inna, ku taya mu roƙo, ko Allah ya sa ya yafe mana.